Yadda Gwanin Busa Ke Zaɓen Sabuwar Tuba

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin sojoji ko na 'yan sanda ya ga tuba, ko da bai san sunanta ba. Ita ce ƙatuwar abar busar nan ta tagulla da ke can sahun baya na 'yan badujala, mai busa ta yana rungume da ita, babban bakinta yana kallon sama. Ba ita ke ɗaukar waƙa ba, shi ya sa ido ba ya daɗewa a kanta. Amma da za ta yi shiru, nan take za ka ji kiɗan ya zama fayau, domin ita ke riƙe da ƙasan amo, sauran ƙahoni a kanta suke tsaye.

Asalinta ƙasar Jamus ne. A ranar 12 ga Satumba, 1835, aka ba mutum biyu takardar mallakar fasaharta a birnin Balin: Wilhelm Wieprecht, jagoran makaɗan soja, da Johann Gottfried Moritz, maƙerin kayan busa. Har gobe manyan gidajen ƙera ta da yawa suna can. Akwai Miraphone a garin Waldkraiburg, wanda maƙeran da suka baro Graslitz bayan yaƙi suka kafa a 1946, akwai Melton a Geretsried, da B&S a Markneukirchen, da Alexander a Mainz, gidan da ke sana'ar kayan kiɗa tun 1782. Ga Yamaha a Japan, ga kuma masana'antun Sin da suka cika kasuwa da masu sauƙin kuɗi. Tubar ƙwararru sabuwa fil takan haura dala 10,000, wata ma ta ninka haka, kuma in ta samu kulawa sai ta ga jikokin mai ita. Abin da mutum zai runguma kullum har shekara ashirin ko talatin, ba a sayensa da ka.

Mai gaggawa kan shiga shago ya hango wadda ta fi walƙiya, ya cika kumatu ya saki ƙara biyu uku har gilashin taga ya motsa, ya ce ta yi. Wani ma ba ya zuwa. Hoto ya gani a intanet ya tura kuɗi, cinikin biri a sama. Gwani kuwa yini guda yake warewa, wani lokaci har da kwana, kuma abin da yake yi a wannan yini ya isa a tsaya a kalla.

Kafin mu bi shi, ya kamata a san abin da ke faruwa a cikin ƙahon. Tuba ba ta da ɗan karan nan da ake sawa a bakin algaita. Leɓɓan mai busa su ne ke kaɗawa, daidai yadda mai kakaki ke yi a ƙofar fada: ya matse leɓe a cikin ɗan ƙoƙon ƙarfe, ya turo iska, leɓɓan su ɗauki karkarwa, iskar da ke kwance a cikin bututu ta amsa. Tsawon bututun shi ke yanke irin amon da zai iya fita. Kakaki miƙaƙƙe ne, tsawonsa ba ya sauyawa, shi ya sa amonsa 'yan kaɗan ne. Tuba kuwa an naɗe bututunta ya zagaya ya sake zagayawa, yana ƙara faɗi har ya buɗe a babban baki, sannan an sa mata bawul uku zuwa shida. Bawul ƙofa ce da yatsa ke dannawa. Da an danna, sai iska ta karkata ta bi wani ƙarin bututu, hanya ta ƙara tsawo, amo ya sauka. Duk gwajin da za a yi, tambaya ɗaya yake bi: shin wannan doguwar hanyar iska tana biyayya ga leɓen wannan mutum?

Tun a gida ake fara zaɓe, ta hanyar tambayar aikin da za ta yi. Tuba gida huɗu ce, ana rubuta su da haruffan BBb, CC, Eb da F. Ta BBb ita ce mafi tsawo, bututunta wajen mita 5.5 ko ba a danna bawul ba. Ta CC wajen mita 4.9, ta Eb wajen mita 4, ta F wajen mita 3.7. Dogayen biyu su ke da kauri da nauyin murya, gajerun biyu su ke da sauƙin hawa sama. Kowace ƙasa kuma da al'adarta. Manyan ƙungiyoyin makaɗa na Amurka sun fi riƙo da CC, na Jamus da BBb da F, ƙungiyoyin ƙahoni na Ingila kuwa Eb da BBb suke jerawa. Makarantu da rundunoni galibi BBb suke saye. Bayan gida sai girma, wanda ake faɗa da 3/4, 4/4, 5/4 da 6/4. Kada wannan lissafi ya ruɗe ka, domin babu wata hukuma da ta tsayar da shi, 5/4 ɗin wani kamfani 4/4 ne a wurin wani. Wanda zai yi busa cikin mutum biyar ba ya neman 6/4, don zai binne abokan aikinsa. Wanda zai tallafi makaɗa tamanin ba ya neman 3/4, don zai yi ta fama ba a ji shi ba. Saboda haka gwani ba ya shiga shago yana cewa a nuna masa tuba. Ya riga ya san gida da girman da ya zo nema, ya rage ƙahoni talatin sun koma biyar ko shida.

Dubi kuma abin da ke cikin jakarsa. Na farko ƙoƙon businsa, wanda leɓensa ya saba da shi shekara da shekaru. Ba zai karɓi na shago ba, domin in ya sauya ƙoƙo ya sauya ƙaho a lokaci ɗaya, ba zai san wanne ne ya kawo bambancin da yake ji ba. Sai na'urar auna amo, wadda yanzu manhaja ce a waya, da abin naɗar murya, da man bawul, da ƙaramar tocila, da takarda da fensir. In da hali yakan ɗauko tsohuwar tubarsa, komai nauyinta, don ita ce ma'auninsa. Abu mafi daraja da yake zuwa da shi kuwa ba ya shiga jaka: mutum ne mai kunne, malaminsa ko abokin sana'a. Za mu zo kan amfaninsa.

Ya isa shago, an jera masa ƙahonin. Bai sa baki ba tukuna. Yakan ɗauki ta farko ya juya ta a haske, ba don ƙyalli ba, sai don ya ga ko hanya ta yi mata lotsa, ya duba wuraren da aka liƙe da dalma ko sun zauna sumul. Bututu da bututu ana haɗa su da 'yan sandunan ƙarfe. In ɗaya bai kamu sosai ba, zai riƙa zuzzz a kan wani amo guda, ya hana mai ita sakat. Don haka yake bin jikinta da ƙwanƙwasar ɗan yatsa, yana kasa kunne, kamar yadda mai sayen tulu ke ƙwanƙwasa shi ta ji ko da tsaga a ɓoye. Daga nan sai gwiwoyi, wato lanƙwasassun gaɓoɓin bututu da ake zarowa ko a tura don daidaita amo. Kowace sai ya zare ta ya mayar. Wadda ta cije ba ta da amfani, wadda ke zamewa da kanta ta fi ta sharri. Ya haska tocila a ciki ko maƙeri ya bar ɗigon dalma a kan hanyar iska.

Bawul iri biyu ne. Akwai mai fistin, wanda ke hawa da sauka a cikin gidansa, sifirin na mayar da shi. Akwai mai juyawa, wanda yatsa ke danna ɗan faifai, wani hannun ƙarfe ya murɗa shi. Masu son fistin suna cewa ya fi fitar da amo rarrabe, masu son mai juyawa suna cewa ya fi santsin tsallakawa daga amo zuwa amo, kuma wannan gardama ba ta ƙarewa. Gwani ba ya shiga cikinta a ranar ciniki. Yana danna kowane bawul a hankali ya ji ko yana ƙarta, ya danna da sauri ya ji ko yana dawowa nan take, ya danna ta gefe-gefe kamar yadda yatsa ke yi in busa ta yi zafi. Na mai juyawa yakan kwance murfin baya ya duba 'yan zane-zanen da maƙeri ya yi, waɗanda ke nuna ko ramin bawul ya yi daidai da ramin bututu. Kaucewar da ba ta kai kaurin farce ba ta isa ta toshe murya.

Sai gwajin yoyo, wanda ni a wurina shi ne mafi ban sha'awa saboda sauƙinsa. Ya ja gwiwar wani bawul ba tare da ya danna bawul ɗin ba, iskar ciki ta miƙe, sannan ya danna. In aka ji “fop” mai kyau, bawul ɗin ya rufe gam. In shiru, ko dai yana yoyo, ko kuwa maƙeri ya huda masa ɗan ramin shaƙa da gangan, abin da ake yi wa tuba da yawa don a iya jan gwiwa ana cikin busa. Wanda ya san wannan ba zai yi saurin yanke hukunci ba. Sai ya cire gwiwar gaba ɗaya, ya toshe bakin bututun da babban yatsa, ya danna bawul, ya hura. In iska ta tsaya cik, lafiya lau. In ya ji tana sulalewa, ya ajiye wannan gefe.

Yanzu ya zauna. Kujera marar hannu yake nema, irin wadda yake aiki a kanta. Ya miƙe bayansa, ya ɗora tuba a cinya, ya jawo ta. Tambayar ita ce, ƙoƙon busa ya zo bakinsa da kansa, ko shi ne ya sunkuya ko ya miƙa wuya ya same shi? Babbar tuba takan kai kilo 10 har ta wuce, kuma wanda ya karkace don ya kai ga ƙoƙo ya matse huhunsa ke nan, ga ciwon baya yana jiransa. Yana duba yatsun dama ko sun kwanta a kan bawul ba tare da wuyan hannu ya murɗe ba, yana duba hannun hagu ko yana kaiwa ga gwiwar bawul na farko.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu, domin shi ya sauya wa shahararriyar tuba mai gida. A farkon shekarun 1930, kamfanin York da ke Grand Rapids a jihar Mishigan ya ƙera wata ƙatuwar CC saboda Philip Donatelli na ƙungiyar makaɗan Filadelfiya, bayan jagoransu Leopold Stokowski ya nemi murya mai zurfi da faɗi. Ƙahon ya fito yadda ake so, amma bai dace da jikin Donatelli ba. Mutum ne mai teɓa, in ya ja numfashi sai cikinsa ya ture ta, ƙoƙon ya bar bakinsa. Ya sayar wa ɗalibinsa Arnold Jacobs a kan dala 175. Jacobs ya zama mai tuba na ƙungiyar makaɗan Shikago daga 1944 zuwa 1988, kuma muryar da ya fitar da wannan ƙaho ta sa kamfanoni irin su Hirsbrunner na Siwizalan da Yamaha suka ƙera kwaikwayonsa. Ƙarfe ɗaya ne, ya gagari malami, ya karɓi ɗalibi.

To, an zo busa. A nan ma ba ya farawa da sabuwa. Tsohuwar tasa yake ɗauka ya ɗumama leɓe, ya ji yadda ɗakin ke mayar da muryar da ya sani. Sannan ya ɗauki baƙuwa, ya yi ta hura mata iska mai ɗumi, bawul a danne, har ƙarfen ya bar sanyi. Ƙaho mai sanyi amonsa yana zama ƙasa da inda ya kamata, yana ɗumama yana haurawa. Wanda ya auna ƙaho da sanyinsa ya auna ƙarya.

Amon farko na tsakiya ne, ba ƙara ba raɗa, ya riƙe shi tsawon numfashi guda. Yana sauraron farkonsa: ya fito nan take, ko sai da ya yi jinkiri? Daga nan ya rage iska, ya rage, har amon ya zama kamar zare. Ƙara kowace tuba tana iyawa, a hankali ake gane ta ƙwarai, wadda ke amsawa ko da an shafa ta da numfashi, ba ta yanke ba. Sannan ya ƙara iska sannu a hankali har iyakar ƙarfinsa, yana neman inda murya za ta tsage ta koma hargowa. Wata tana tsagewa da wuri, wata kuwa sai ta yi ta haɗiye iska tana ƙara faɗi. Akwai abin da masu busa ke kira turjiya, wato yadda ƙaho ke ɗan tokare iskar da ake tura masa. In ta yi yawa, sai ka ji kamar ana danne maka ƙirji. In babu ita sam, numfashi ya ƙare kafin jimlar kiɗa ta ƙare. Babu lambar da ke nuna daidai. Huhun kowa shi ke faɗa masa.

Inda gizo ke saƙar kuwa shi ne daidaiton amo, kuma a nan ne yini ke tafiya. Gaskiyar da ɗan koyo ba ya son ji ita ce, babu tubar da duk amonta yake daidai, ko nawa aka saye ta. Laifin ba na maƙeri ba ne, na lissafi ne. Bututu guda yana ba da jerin amo hawa-hawa, kuma wasu daga ciki ba sa faɗawa inda ma'aunin kiɗan Turai ke so. Na'ura tana raba kowane rabin mataki kashi 100, amo na biyar a jerin kuwa bisa ɗabi'arsa yana gazawa da wajen kashi 14. A tubar CC wannan shi ne amon da ake kira E na tsakiya, a ta BBb kuma D, duk mai busa ya san su kamar yunwar cikinsa.

Bawul ma da tasu matsalar. Na biyu yana ƙara wajen kashi 6 cikin 100 na tsawon bututu, amo ya sauka rabin mataki. Na farko yana ƙara wajen kashi 12, na uku wajen kashi 19. Kowanne an yanka shi ne daidai da ƙahon da ba a danna komai ba. To, in aka danna biyu ko uku tare, ƙahon ya riga ya ƙara tsawo, ƙarin da aka yanka wa gajere ba zai ishi dogo ba. Danna ukun gaba ɗaya yana ba da wajen kashi 37, alhali ana bukatar kashi 41 da ɗoriya. A tubar BBb giɓin ya haura santimita 20 na bututu, amon kuma ya haura da fiye da rabin rabin mataki, abin da ko kunnen da bai san kiɗa ba zai ji ya yi tsami. Don maganin wannan aka ƙara bawul na huɗu, aka ƙara na biyar. A Ingila kuwa David Blaikley na kamfanin Boosey ya fito da wata dabara a shekarun 1870, inda iska ke komowa ta sake ratsa bawul ɗin ta bi wasu ƙananan bututu da ke cike giɓin da kansu. Dabarar tana gyara amo, amma tana ƙara nauyi da lanƙwasa, wasu kuma suna jin tana shaƙe amon ƙasa. Kowane magani da kuɗinsa.

Ga yadda gwani ke aunawa, kuma a nan ilimin ya ɓuya. Leɓen ƙwararre ya saba gyara amo da kansa, tun kafin mai shi ya yi tunani. In yana kallon allurar na'ura, leɓen zai lanƙwasa amon ya kai shi tsakiya, ƙahon ya fito kamar marar laifi. Saboda haka sai ya rufe ido. Ya busa amon, ya ɗan karkata shi sama, ya ɗan karkata shi ƙasa, har ya sami gurbin da muryar ta fi cika, inda ƙahon kansa yake so ya zauna. A nan ne zai buɗe ido ya ga abin da allura ta ce, ya rubuta a takarda: wannan ya haura da 10, wancan ya gaza da 20. Haka zai bi su ɗaya bayan ɗaya, daga can ƙasa har can sama, a kowace tuba. Aiki ne mai gundura, babu daɗin ji, mai shago ma yakan fita ya bar shi. Amma in ya gama, yana riƙe da taswirar halin kowace.

Karatun taswirar shi ma fanni ne. Akwai aibun da ake gyarawa sau ɗaya, a ja gwiwa kaɗan a bar ta nan. Akwai wanda ake kauce masa da sauya yatsu, kamar E ɗin nan da ake busawa da bawul na farko da na biyu a maimakon a bar shi sake. Akwai wanda hannun hagu ke bi, yana jan gwiwar farko yana turawa ana cikin kiɗa. Duk waɗannan ana zama da su. Wanda ba a zama da shi shi ne in amo da takwaransa na zangon sama sun ƙi haɗuwa, ɗaya ya haura ɗaya ya gaza, a kan yatsu iri ɗaya. Wannan a cikin ƙirar ƙahon yake, kuma mai shi zai yi ta murɗa leɓe har ranar da ya sayar. Yana kuma duba babbar gwiwa, wadda ke daidaita ƙahon baki ɗaya. A Amurka da Ingila galibi ana tsayar da amon A a kan girgiza 440 a daƙiƙa, a Jamus kuwa 442 ko 443. Tubar da aka yanka don Jamus na iya bukatar a zaro gwiwar har ta kusa faɗuwa kafin ta daidaita a wani wuri. Gwani yana so ta zauna a tsakiya, da sauran wurin ja, da sauran wurin turawa.

Kowane gida kuma da inda yake ɓoye rauninsa, shi ya sa gwani yake zuwa can kai tsaye. Tubar F irin ta Jamus mai bawul mai juyawa ta yi suna wajen daɗin murya a sama, ta kuma yi suna wajen C na ƙasa da ke rawa ya ƙi zama. Manyan CC kuwa a sama ake kama su, inda gurabun amo ke matsowa kusa da juna, leɓe ya nufi wannan ya faɗa wancan.

Sai yanzu mutumin nan da aka zo da shi zai yi aikinsa. Mai busa tuba shi ne wanda ya fi kowa rashin jin muryarta ta gaskiya. Kansa yana ƙarƙashin babban bakin, muryar tana tashi sama ta bar shi, abin da ke isa gare shi rabi ta kunne ne, rabi ta ƙashin muƙamuƙi. Ga shi kuma amon ƙasa dogo ne. Mafi zurfin amon BBb in ba a danna bawul ba yana girgiza wajen sau 29 a daƙiƙa, tsawon igiyarsa a iska ya kusa mita 12. Ƙaramin ɗakin shago ba ya ɗaukar wannan, sai bango ya kumbura wani amo ya haɗiye wani. Don haka ake neman babban zaure, abokin ya tafi can ƙarshe ya juya baya, don kada sunan kamfani ko hasken azurfa ya yi masa raɗa. Mai busa ya ɗauki ɗaya ya busa jimla, ya ajiye, ya ɗauki wata ya busa jimlar nan dai, da ƙarfi iri ɗaya. Daga can sai ka ji an ce, “Sake ta biyun.” Ko kuma, “Ta ukun tana da kauri, amma ban jin farkon amonta.” Sau da yawa wadda ta cika kunnen mai busa a kusa ba ta kai bango ba, wadda ya raina kuwa ita ce ta cika zauren. Sannan su yi musaya, abokin ya busa, mai saye ya je ya saurara da kansa. Mai aiki a babbar ƙungiya har abokansa masu turombon yakan roƙa su zo, tunda kusa da su zai zauna, a ji ko muryoyin suna narkewa cikin juna.

Abin da ake busawa ma zaɓaɓɓe ne, kuma wanda aka haddace ne, don hankali ya tsaya kan ƙaho ba kan takarda ba. Mai neman babbar CC ko BBb yakan gwada ta da mabuɗin Die Meistersinger na Wagner, inda tuba ke ɗaukar waƙa tana hawa, da kuma sassan ƙasa masu faɗi na simfoni ta biyar ta Prokofiev. Mai neman F yakan ɗauko kiɗan da Vaughan Williams ya rubuta wa tuba, wanda aka fara busawa a Landan a 1954. Ɗan badujala kuwa maci zai busa, a tsaye, da ɗamara a kafaɗa, don a haka zai yi aiki.

Bayan awa ɗaya ko biyu leɓe ya gaji, kunne ya fara cakuɗa muryoyi. Wanda ya san kansa sai ya tsaya, ya sha ruwa, ya koma kan tsohuwar tasa ya wanke kunne, ya rage su zuwa biyu. In ya tsayar da samfuri, sai ya yi tambayar da ke bambanta shi da ɗan koyo: irin wannan guda nawa kuke da su? A fito da su duka. Tagwaye ne a takarda, amma ba a baki ba. Babban baki da manyan lanƙwasa, a ƙahoni masu tsada, daga fallen tagulla ake yanko su, a naɗe, a liƙe, a yi ta bugu da guduma a kan ƙarfen ƙira. Inda guduma ta fi sauka ya fi siranta. Ko waɗanda inji ya kumbura da ƙarfin ruwa, hannun mutum ne ke harhaɗa su, kuma gaɓar da aka tilasta ta shiga wurinta ba ta kaɗawa kamar wadda ta zauna da kanta. Batun ƙarfen kuwa, tagulla mai ruwan ɗorawa kashi 70 jan ƙarfe ne, 30 tutiya, mai ruwan zinariya kuma jan ƙarfenta ya kai wajen kashi 85, ta fi jure cin da danshin numfashi ke yi wa bututun farko. Amma gardamar ko rufin azurfa ya fi man ƙyalli daɗin murya, a ganina ita ce mafi ƙarancin amfani a duk cinikin. Bambancin da ke tsakanin tagwaye biyu ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Wanda zai sayo wa makaranta ko runduna a ƙasarmu yana da ƙarin abin dubawa. Zafinmu yana tura amo sama, don haka babbar gwiwa tana bukatar wurin ja mai yawa. Ƙurar hunturu kuma abokiyar gabar fistin ce, sai da shafa da mai a kai a kai. Mai juyawa ya fi rufuwa daga ƙura, amma in ya lalace ba kowane mai gyara ke iya kwance shi ba. Gara a haɗo da mai, da sifirin, da 'yan robobin mabuɗin zubar da ruwan da ke taruwa a ciki tun daga can, kuma a tura wanda zai busa ta ya gwada da bakinsa, ba wanda zai sa hannu a takardar kuɗi ba.

Daga ƙarshe gwani ya shimfiɗa takardunsa. Wannan muryarta ta fi, amma amo uku sai an bi su da hannu. Waccan amonta ya fi daidaito, amma ba ta cika zaure. Ba marar aibu yake nema ba, ya san babu ita, yana zaɓen aibun da zai iya tashi da shi kowace safiya. Da yawa sukan bi murya, don yatsu da gwiwa suna gyara amo, amma babu abin da ke sa wa ƙaho muryar da ba a ƙera shi da ita ba. In shagon yana ba da kwanakin gwaji, ya karɓa, ya kai ta wurin aiki a ji ta cikin jama'a. Ya gwada akwatinta ko yana shiga motarsa, ya tambayi sharaɗin gyara da na mayarwa. Kafin ya miƙa kuɗi kuma sai ya duba lambar da aka buga a jikin ƙahon, galibi kusa da bawul, ya rubuta ta, ya tabbatar ita ce a kan rasit, don wadda ya yini yana gwadawa ita za a naɗe masa, ba 'yar'uwarta da ke cikin sito ba.